Jirgin Yaƙi a Tafin Hannu: Sharhi kan MiG-21 na Kamfanin Eduard

Bari in faɗi hukuncina tun daga farko, kada mai karatu ya ce na ja masa rai. Cikin duk akwatunan ƙananan jiragen sama na haɗawa da suka taɓa shigowa hannuna a nan Kazaure, babu wanda ya kama ƙafar MiG-21MF na kamfanin Eduard, mai awon 1/48, bugun da suke kira ProfiPACK. Wallahi abin ya yi. Ya yi, ya kuma yi! Duk mai sha'awar wannan harka ta masu haƙuri, in har yana zaune a inda saƙo ke daɗewa kafin ya iso shi daga ƙetare, to ga akwatin da ya kamata ya tara wa kuɗinsa.

Ga wanda bai san harkar ba, ga yadda take. Akwai kamfanoni a Turai da Asiya da ke auna jirgin sama na gaske tun daga hanci har wutsiya, su rage girmansa bisa lissafi, su sassaƙa mazubi na ƙarfe, su zuba shi da roba gutsure-gutsure. Kai kuma ka saya, ka yanko kowane gutsure daga jikin firam ɗinsa, ka goge, ka manna, ka yi fenti, ka liƙa tambari, har ya fito sak irin wanda ke ajiye a filin jirgi. In an ce 1/48, ana nufin santimita ɗaya a hannunka santimita 48 ne a jikin na gaskiya. Faɗin fukafukan MiG-21 ya ɗan haura mita 7, don haka naka zai tashi wajen santimita 15, tsawonsa kuwa wajen 30. Masu ƙaramin ɗaki sun fi son 1/72. Jiragen fasinja galibi 1/144 ake yin su, domin Boeing 747 ko a wannan awon ya kusa rabin mita.

Tambayar da kowa ke yi, daga yara har dattawan majalisa, ita ce: "To, yana tashi?" Ba ya tashi, ranka ya daɗe. Ba inji, ba batir, ba rimot. Ajiyewa ake yi a kalla. In na faɗi haka sai in ga ana duba na da tausayi, an ɗauka cuta ta aka yi a ciniki. Amma duk wanda ya taso a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura ya san daɗin da nake nufi, ko da ya manta. Bayan kaka, in an girbe dawa, wa bai zauna ya ɓare kara ba, ya soka tsinken ɓawon a totuwa, ya tayar da mota ko jirgi? Wa bai bi lungu neman gwangwanin madara don motar langa-langa ba? Jiragen karan nan ma ai ba sa tashi, amma mun yi faɗa a kansu. Hannun nan ne dai da idon nan, sai dai yanzu an haɗa su da kayan aiki na ƙwarai da zanen injiniyoyi.

Wuyar aikin ita ce samun kayan. A Kazaure babu shagon da ke sayar da su, abin da kuma ya cika kantunan kayan wasan yara a Kano jirage ne haɗaɗɗu masu wuta da jiniya, waɗanda ba ruwansu da abin da muke magana a kai. Dole sai an yi oda daga waje, ko dai ta intanet daga manyan shagunan harkar irin su Hannants na Ingila da Super-Hobby na Foland da HobbyLink Japan, ko kuwa ka roƙi ɗan'uwa da ke karatu ko aiki a can ya sako maka a jaka in zai dawo gida. In kaya sun sauka Kano, a ba direba a tasha, ya kira ka in ya shigo gari. Kowane taki kuɗi ne, kuma lissafin farko da dala ake yin sa. Sau da yawa kuɗin aikowa kan yi kunnen doki da kuɗin kayan.

A nan ne wanda bai san dawan garin ba ke afkawa. Ya ga akwati mai araha ya saya, ya buɗe ya tarar da ɗakin matuƙi fayau, kujera ba ɗamara, bututun hayaƙi ba zurfi, tayoyi ba zane. Sai ya shiga farautar kayan ƙari, wato ƙananan sassa da wasu kamfanoni ke yi musamman don su maye gurbin na cikin akwati. Wannan fa duniya ce guda! Aires da Quickboost a ƙasar Cek suna zuba kujeru da ɗakunan matuƙa da rezin, wani irin danƙo mai daskarewa da ke ɗaukar zane fiye da roba. ResKit na Yukiren sun yi suna a tayoyi da bututun hayaƙi. Master na Foland suna fiƙe tagulla a inji, su fitar da bakin bindiga da tsinken hancin jirgi. Quinta Studio suna buga allon matuƙi mai tudu da kwari, da launinsa da komai, naka kawai liƙawa. Xtradecal na Ingila suna buga tambura. Kowannensu gwani ne, ina kuma jinjina musu. To amma ka zauna ka lissafa: kujera daga wannan ƙasa, taya daga waccan, tambari daga wata can dabam, kowanne da kuɗin aikowarsa da zaman jiransa. Kafin ka farga, akwatin arahar ya zarce na tsadar. Araha dai ba ta ado.

Eduard sun san wannan ciwon, domin ta nan suka faro. Kamfanin ya soma a 1989 a garin Most na ƙasar Cek, kuma da kayan ƙari na tagulla ya fara yin suna kafin ya shahara da akwatunan kansa. Yanzu masana'antarsu tana Obrnice, dab da Most ɗin. Ga shi kuma MiG-21 jirgin gidansu ne: sojojin saman ƙasar sun tuƙa shi shekara da shekaru, ba su ajiye shi ba sai a 2005, saboda haka masu zanen ba daga hoto kaɗai suka san shi ba. Da suka fito da MiG-21MF ɗinsu a 2011, sun riga sun san abin da mai haɗi zai fita nema a waje, sai suka zuba masa shi a ciki. Wannan shi ne ProfiPACK: roba, da fallen tagulla, da salatif yankakke, da tambura na jirage daban-daban, a akwati ɗaya, da kuɗin aikowa ɗaya. Ga mutumin Landan wannan sauƙi ne kawai. Ga mutumin Kazaure kuwa shi ne bambancin gama aiki da barin sa a ƙarƙashin gado.

Yanzu mu ɗaga murfi. Fara da fatar jirgin. Ɗauki ɓarin gangar jikin ka fita da shi bakin ƙofa da hantsi, ka karkata shi ga rana. Layukan da ke nuna inda fallayen ƙarfe suka haɗu a jirgin gaske duk suna nan, an tsaga su ciki, sirara, zurfinsu ɗaya tun daga hanci har wutsiya, ba inda layi ya ɓace a kwana. Kawunan ƙusoshi a jere reras, wasu sai ka matso da ido kafin ka gan su. Aiki ne irin na gwanin ɗinkin hula, wanda kake juya hular kana neman inda zare ya kauce ka rasa. Amfanin wannan tsagar yana bayyana ne a ƙarshe: in ka gama fenti ka zuba ruwan fenti mai duhu tsararo, sai ya bi layukan da kansa, jirgi ya tashi daga abin wasa ya koma inji mai nauyi da ya sha aiki.

Ɗakin matuƙi kuwa, nan ne na rasa bakin magana. Jiragen Tarayyar Sobiyat suna da wani launi nasu a ciki, tsakanin shuɗi da kore, wanda duk mai haɗi ya san wahalar dama shi. Fallen tagullar Eduard ya zo da launin an riga an buga masa. Allon agoguna hawa biyu ne: na ƙasa ɗauke da fuskokin agogunan, da lambobinsu da allurarsu, na sama kuma da ramuka daidai kan kowanne. Ka ɗora wannan kan wancan, ka ɗiga ɗan fenti garai-garai a kowane rami da tsinken sakace, sai ga gilashi ya fito. Allo ne da bai kai faɗin farcen babban yatsa ba, amma kana iya ƙirga agogunan! Sai kujerar tsira, samfurin KM-1, wadda ke harba matuƙi waje in jirgi ya gagara. Ɗamararta ta tagulla ce, da maɗauranta, da zanen ɗinki a jiki. Ka lanƙwasa ta a hankali ta kwanta kan kujera yadda ɗamara ke kwanciya in matuƙi ya sauka ya bar ta. Ga maɓallan gefe, ga hannun da ake ja a lokacin hatsari da jan launinsa. Akwai gutsattsarin da suka yi ƙanƙantar da in ɗaya ya fallatse daga bakin hantsaki ya faɗa tabarma, sai dai ka yi masa addu'a. Shawarata: shimfiɗa farin ƙyalle a cinya, ka kuma yanke su a cikin leda mai garai-garai.

Abin da na fi ƙauna a akwatin, ko da za a yi mini dariya, shi ne ɗan salatif rawaya ɗin nan. Murfin gilashin da ke kan matuƙi yana da firam da dole a yi wa fenti ba tare da an ɓata gilashin ba. A sauran akwatuna kai ne za ka liƙa salatif ka bi gefen da reza, hannu na rawa, ka san kuskure ɗaya ya isa ya bar tabon da ba ya gogewa. A nan an riga an yanka maka shi da inji daidai da kowace kwana. Ɓare, liƙa, fesa, cire. Shi ke nan. Allah Ya saka wa wanda ya fara wannan tunani.

Wajen haɗuwa ma ba a magana. An zuba ƙashin bayan jirgin da wutsiyar tsaye dabam, ta yadda in ka ɗora su sai su rufe tsagar da ke tsakanin ɓari biyu na gangar jiki, su rage maka gugar da ke cinye zane. Ramin tayoyi akwati ne da kake haɗawa tukuna ka cusa a ciki, da bututunsa da tankunansa. In ka bi littafin sannu a hankali, kana gwada kowane sashe kafin ka sa gam, fila, wato abin cike tsaga, kaɗan za ka buƙata. Ka dai tuna ka cusa ɗan nauyi a hanci kafin ka rufe, don kada jirgi ya zauna kan wutsiya; dalmar masu gyaran rediyo ta wadatar. Makamai kuwa har sun yi yawa: rokoki, bama-bamai, tankunan mai na ƙari, abin da zai rage maka ya isa ka yi wa wani jirgin ado. Sai ɗaruruwan ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi da ke jikin jirgi, kowanne sitikar ruwa ce da za ka jiƙa ka zame ta zuwa mazauninta. Wannan aikin dare ne bayan isha'i, in gida ya yi tsit, kuma a nan ake gane mai haƙuri.

Littafin jagora mai launi ne, kowane jirgi an nuna shi ta sama da ƙasa da gefe biyu, an ba da lambobin fenti na Mr. Hobby. Kuma Eduard suna sa littattafan nan a shafinsu na intanet kyauta, sai ka sauke a waya ka karance shi tas kafin ka fitar da ko sisi. Wani abu kuma da zai kwantar wa wasunmu da hankali: babu mutum-mutumin matuƙi a ciki. Na san akwai waɗanda ke ƙyamar ajiye siffar abu mai rai a ɗaki. Nan inji ne zalla, kujera ba kowa.

To, da duk wannan, akwai sauran abin da za a saya a waje? Ni abu ɗaya nake cewa a ƙara: tsinken hanci na tagulla daga Master. Dogon tsinken nan da ke gaban MiG-21 shi ke auna gudun iska, kuma na roba, ko na wane kamfani ne, ba ya jure hannun yaro ko gefen mayafi. Na tagulla siriri ne, miƙaƙƙe, ba nauyi a saƙo, sai a sako shi tare da akwatin. Wanda aljihunsa ya yi nauyi yana iya ƙarawa da bututun hayaƙi na rezin daga jerin Brassin na Eduard ɗin, don ya leƙa ta baya ya ga cikin injin Tumansky R-13 da zurfinsa. Kyakkyawa ne ƙwarai, amma ƙawa ce, ba larura ba. In za ka taɓa rezin, ka sani gam ɗin roba ba ya kama shi, sai sufa gulu, haka ma tagulla. Ƙurarsa kuma ba ta da kyau ga huhu: jiƙa shi kafin ka goge, ka sa takunkumi. A yi hattara kuma da na jabu da ke yawo a kasuwannin intanet, waɗanda ake kwafa daga na asali. Alamarsu farashi mai daɗin ji, da hoto ɗaya tak dishi-dishi. Rezin ɗin da aka kwafa yakan tsuke, ya zo da ƙurajen iska, ya ƙi shiga gurbinsa.

Akwai bugun Weekend na jirgin nan, robar ɗaya ce, an dai rage kayan ƙarin don farashi ya sauko. Ga wanda ke kusa da shago, ba laifi. Mu da kuɗin aikowa ɗaya ne ko akwati ya cika ko bai cika ba, ragin bai taka kara ya karya ba. A sayi cikakken.

Dalilin da ya sa wannan jirgi ya shiga raina fiye da Spitfire da Mustang da Turawa ke ta haɗawa shi ne namu ne. An ƙera MiG-21 fiye da dubu goma a duniya, kuma rundunar sojin saman Najeriya, wadda aka kafa a 1964, ta karɓi nata samfurin MF ɗin a 1975. F-7Ni da suka gaje su ma jikokinsa ne, ƙirar Sin. Tamburan da suka zo a akwatina na wasu ƙasashe ne, irin su Masar da Foland, kuma kowane bugu da nasa zaɓin. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan, domin tambarinmu yana cikin masu sauƙin yi a duniya: da'irar kore, farar da'ira a ciki, kore a tsakiya, sai tuta a wutsiya. Nemi kamfas irin na ɗaliban sakandare, ɗaura masa tsinin reza a gurbin fensir, ka yanka da'irori a salatif. Fesa fari tukuna, rufe, fesa kore. Tambarin fenti ya ma fi na sitika kwanciya, don yana bin layukan jiki. Haruffan NAF, wato gajeren sunan rundunar, da lamba kuwa ana samun su daga takardun baƙaƙen haruffa da lambobi da Xtradecal ke bugawa. Launin ɓad-da-kama, kore da ruwan ƙasa, sai a bi tsofaffin hotuna a kwaikwaya. Ranar da na ga kore-fari-kore a kan wannan fiffike mai kusurwa uku, tsigar jikina sai da ta tashi.

Kayan aiki fa? Nan ne za ka gane Allah bai bar mu haka ba. Je wurin masu gyaran waya, ko na cikin gari ko na kasuwar Farm Centre a Kano: hantsakinsu mai tsini, da gilashin ƙara girma mai fitila, da siririyar wayar tagulla da suke gyaran allon waya da ita, duk abin da mai haɗi ke nema ne. Wayar nan ita ce bututun birki a ƙafar jirgi. Masu kayan kwalliya suna da abin gugar farce mai laushi hawa-hawa, da buroshin hoda na kakkaɓe ƙura. Abin yankan farce yana cire sassa daga firam. Kemis yana da allura, da auduga, da sifirit na wanke buroshi. Sufa gulu kuwa ko a teburin mai shayi. Abin da ke ba da wuya shi ne fenti da gam ɗin roba irin Tamiya Extra Thin mai koren murfi, wanda ke bin tsaga da kansa ya narkar da gefe biyu su zama ɗaya. Shaguna da yawa ba sa aiko da irinsa ta jirgin sama saboda yana kama wuta. Fentin da ake dama wa da ruwa, irin Vallejo na Sifen, ya fi sauƙin tafiya. Tinar masu fentin mota kuwa tana cin robar nan. Ɗigo ɗaya a bakin tsinke yana iya manne sassa biyu in an rasa gam, amma kada a kuskura a wanke jirgi da ita.

Sai yanayinmu, wanda masu rubuta littafin jagora a Turai ba su san da shi ba. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: ka fesa fenti mai sheƙi, ka juya, ka dawo ka tarar ya yi gashi. Yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, ka kife roba mai murfi a kan jirgin da zarar ka gama. Da bazara kuma fenti yakan bushe a iska kafin ya sauka, ya bar jiki da kaushi, saboda haka a ƙara masa ruwa, a yi aikin da sassafe. Kada a bar akwati a mota ko ƙarƙashin kwanon rufi da rana, fukafukai kan lanƙwashe, takardar tambura kuma ta tsattsage. A sa ta a leda, a ajiye cikin littafi, a ɗaki mai sanyi.

Da ka gama wannan, zuciya za ta ce a ƙaro, kuma tarihin sararin samaniyarmu ya ishe ka aiki har tsufa. Kinetic suna da Alpha Jet a 1/48. Eduard ɗin dai suna da L-39 Albatros a 1/72, jirgin da ake koyar da matuƙan soja da shi a Kano. HobbyBoss suna da Super Tucano, irin guda 12 da suka iso a 2021, Trumpeter kuma suna da JF-17. Mai son tsohon labari ya nemi Hurricane na Airfix mai matatar ƙura a ƙarƙashin hanci: irinsa ne ake haɗawa a Takoradi tun daga 1940, a taso da su ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartum har Masar, jirage fiye da dubu biyar lokacin yaƙin duniya na biyu. Can baya kuma akwai DH.9A, wanda guda uku irinsa suka taso daga Masar suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925 a ƙarƙashin Arthur Coningham. Wingnut Wings na New Zealand sun yi shi a 1/32, aikin da ake ba da labari, sai dai kamfanin ya rufe a 2020, yanzu sai a hannun masu ajiya, da tsada. Ni kuwa burina Boeing 747 na Revell da fentin Kabo Air, jirgin da iyayenmu da yawa suka hau zuwa aikin hajji daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Ba zan huta ba sai na gan shi a kan kabad.

Kafin ka sayi ko wanne, ga dabarar da ta fi kowace: shiga Scalemates, rumbun bayanan harkar a intanet, ka rubuta lambar akwatin. Zai nuna maka shekarar da aka sassaƙa mazubin. Kamfanoni kan ɗauki mazubin da ya shekara arba'in ko hamsin su sa masa sabon kwali mai hoto mai ɗaukar ido, har wani kamfanin ya sayi robar wani ya sa sunansa. Kwali ba ya faɗa maka wannan, shekarar mazubi ce ke faɗa. Airfix, waɗanda suka fara Spitfire ɗinsu tun shekarun 1950, suna rubuta Vintage Classics a kan tsofaffin nasu, ka saya da saninka. Na yaba musu da wannan gaskiyar.

Wanda bai taɓa riƙe hantsaki ba kada ya fara da MiG ɗin nan, zai ɓata abu mai daraja ya kuma tsani harkar. Ya fara da ƙaramin Airfix na 1/72 mai sassa kaɗan, ya saba da gam da guga, ya yi na biyu, sannan ya zo. Amma duk wanda hannunsa ya faɗa, ko ɗalibin injiniya ne a kwalejin Hussaini Adamu, ko tela, ko mai gyaran agogo, ina ce masa da babbar murya: nemi MiG-21MF na Eduard, 1/48, ProfiPACK, ka haɗa da tsinken Master a oda ɗaya. Maki goma bisa goma na ba shi, da akwai sha ɗaya da na ƙara.

Roƙona na ga alhazanmu 'yan kasuwar Kano masu zuwa Guangzhou. Masana'antar Trumpeter da HobbyBoss tana Zhongshan, a lardin Guangdong ɗin da kuke sauka. Don Allah, Alhaji, in ana cika kwantena a bar ɗan gurbi, a sako katan biyu na jiragen nan da gam da fenti a gwada. Akwai masu saye a Kazaure, ni ne na farko a layi.